Darasi na 9: Murhun Gas a Ɗakin 'Yan Tsaki, a Gonakin Sabha

Duk wanda ya san Sabha da bazara kaɗai, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, da wuya ya gaskata cewa akwai watannin da mutanen garin nan ke kwana cikin barguna biyu. Amma haka Allah Ya hukunta yanayin sahara: ƙasar da babu girgije a samanta, babu danshi a iskarta, wadda ruwan da take samu a shekara bai kai milimita 20 ba, ba ta iya riƙe zafin da ta sha da rana, da zarar magariba ta yi sai ta sake shi. Saboda haka a cikin darare 40 ɗin nan da mutanen Libiya ke kira Layali, daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Fabrairu, ma'auni yakan sauko wajen digiri 5 da asuba, wani dare ma ya taɓa sifiri, alhali kuwa da azahar ya kusa 20. Fataken Kano da suka riƙa ratsa Fazzan a ƙarni na 19, ta Gat da Murzuk zuwa Tarabulus, sun san wannan sanyi, da bargo da wutar itace a fili suka yi maganinsa. Jikokinsu na yau kuwa, mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa da Kano, waɗanda ke aiki a gonakin kewayen Sabha da na Wadi Shati da na hanyar Ubari, an ɗora musu nauyin da fatake ba su taɓa ɗauka ba, wato tsare dubban 'yan tsaki daga wannan sanyi da wutar gas, a cikin ɗaki mai rufi da ƙofa.

Ɗan tsako, daga ranar da aka ƙyanƙyashe shi har ya yi kamar mako 2, ba shi da ikon riƙe ɗumin jikinsa. A gida uwa ce ke rufe shi da fukafukanta. A gona kuwa, inda ake zuba 500 ko 5,000 a rana guda, babu uwa sai murhu. A makon farko yana bukatar zafin digiri 32 zuwa 35, wanda za a auna a daidai tsayin bayansa, daura da gefen murhu, sa'an nan a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe shi. Kuma lalle ne a kunna murhu kwana guda kafin isowarsu, a cikin Layali ma kwana biyu, domin iska tana saurin ɗumama amma daɓen siminti ba ya yi, sanyin da ke kashe ɗan tsako kuwa ta ƙafa yake shigarsa, balle wanda ya sha doguwar tafiya cikin kwali. Masu gonaki sun fi son gas saboda dalili sananne: wutar lantarki a kudancin Libiya takan ɗauke na sa'o'i, gawayi kuma yana da hayaƙi da wahalar tsaro. Murhun gas marar fanka ba ruwansa da ɗaukewar lantarki. Wannan ita ce babbar fa'idarsa, kuma nan gaba za ku ga cewa a cikinta wata illarsa ta ɓuya.

Halin abin da ke cikin tukunya

Idan kun girgiza tukunyar gas za ku ji motsin ruwa, domin haƙiƙa ruwa ne a ciki, na sinadarai biyu 'yan uwan juna, butan da furofan, waɗanda aka matse su har suka zama ruwa. Idan aka buɗe musu hanya sai su koma iska, lita guda ta ruwan ta zama kamar lita 250 ta gas. Shi ya sa yoyon da ido bai ɗauke shi a bakin kome ba yakan cika ɗaki. Ba a cika tukunya har wuya, akan bar kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 fanko, domin ruwan yana kumbura in ya ji zafi. Tukunyar da wani ya ɗura daga wata tukunya a bayan shago, ba ma'auni ba sikeli, ba ta da wannan sarari, kuma ranar da ta wuni a bayan mota cikin zafin Yuli ita kaɗai ta san halin da take ciki. Na san ƙarancin gas da kan auku a kudu yana tura mutane ga sayen duk abin da suka samu, amma tukunyar da ta fito ta hannun wakilan kamfanin Brega, wanda shi ke rarraba mai da gas a ƙasar, da hatiminta ba a taɓa ba, ita ce ya kamata a nema. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotsa, ko bakinta ya karkace, a mayar wa mai ita ko da kyauta ya bayar.

Hali na biyu, wanda ya fi kowane muhimmanci ga mai shiga ɗakin kaji, shi ne wannan gas ya fi iska nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. In ya tsere ba ya tashi sama ya fita ta taga, yakan kwanta ne a ƙasa ya malala kamar ruwa mai neman kwari, ya taru a lungu da rami da magudana, a daidai inda 'yan tsaki ke numfashi, inda kuma mai gadi ke shimfiɗa tabarmarsa. Da zarar ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi guda ya isa. A ɗaki mai tsawon mita 6, faɗin mita 4, tsayin mita 3, kimanin kilo 3 na gas ya isa ya kai dukan iskar ɗakin wannan haddi, kuma da yake a ƙasa yake taruwa, abin da bai kai haka ba ma ya isa ya tada gobara.

Warin da kuke ji kuwa ƙara shi aka yi da gangan, don shi kansa gas ɗin kusan ba shi da wari. A ranar 18 ga Maris 1937, a garin New London na jihar Texas a Amurka, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta ba wanda ya sani, ya fashe ya halaka kusan mutum 300, galibinsu yara, kuma a shekarar nan majalisar jihar ta wajabta a riƙa sa wa gas wari. Amma kada ku dogara ga hanci a ɗakin kaji, inda warin kashi ke danne kowane wari, hancin da ya daɗe a ciki kuma ya riga ya gaji.

Kafa murhu

Murhun da aka fi gani iri biyu ne. Akwai mai laima, wanda ake ratayewa, da faranti na tangaran ko ragar ƙarfe da ke yin jawur tana jefa zafi ƙasa. Akwai kuma mai fanka, mai kama da bututu, wanda ke hura iska mai zafi cikin babban ɗaki, shi kuma yana bukatar lantarki da fili na mitoci a gabansa babu kome. Maganarmu ta fi karkata ga na farko.

Kafin a taɓa kome, a karanta ɗan allon ƙarfen da ke jikin murhu, domin a nan maƙerinsa ya rubuta irin gas ɗin da yake ci, da ƙarfin matsin da yake so, da yawan abin da yake sha a sa'a. Ga amfanin karatun da kuke zuwa koya a wannan aji. Wani murhu yana aiki da matsi kaɗan, milibar 28 zuwa 37, irin na kan tukunyar girki. Wani kuwa an ƙera shi don matsi mai ƙarfi, da regileta tasa ta musamman, wato na'urar daidaita matsi. In aka haɗa murhu da regiletar da ba tasa ba, ko wuta ta yi rauni tana hayaƙi, ko ta yi tsalle ta wuce laima. Babu kuma halin da ya halatta a haɗa tiyo da tukunya kai tsaye ba regileta.

A rataye murhu da sarƙar ƙarfe da ƙugiya mai rufewa, a jikin ƙarfen rufi ko azara mai ƙwari, a ƙara masa sarƙa ta biyu saboda ihtiyaɗi, domin igiyar roba tana narkewa, ta kaba tana ƙonewa, waya kuma tana karyewa a inda aka murɗe ta, murhun da ya faɗo kan dusar katako kuwa ba ya ba mutum lokacin neman ruwa. Tsayinsa daga shimfiɗa shi ne wanda maƙeri ya faɗa, ba a saukar da shi don ana jin sanyi. A bar aƙalla mita guda tsakaninsa da tamfol, da buhunan abinci, da karan alkama, da rassan dabinon da ake yin shinge da su, a kuma dubi abin da ke samansa, gama zafi yana tashi, rufin leda ko na katako yakan gasu a hankali kwana da kwanaki kafin ya kama.

Tukunya a waje take zama, a tsaye, a inuwa, a wurin da iska ke ratsawa ta ƙasa, nesa da rami da janareta, an ɗaure ta don kada akuya ko iska ta ture ta. Tiyo ya zama na gas, wanda aka buga shekarar yinsa a jikinsa, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe mai ƙusa, a ɗaga shi daga ƙasa inda ɓera ke ci da inda takalmi ke takawa, kada ya ratsa ta saman laima. Tiyon ban ruwa da gas ke ci har ya tsattsage ba shi da wuri a nan. In nisan ya wuce mita ɗaya da rabi ko biyu, ko murhu ya fi ɗaya, aikin ya zama na bututun ƙarfe ko na jan ƙarfe, na gwanin da ya koyi sana'ar, kowane murhu da makullinsa. Bayan an gama, a kaɗa sabulu da ruwa, a buɗe tukunya murhu yana rufe, a shafa kumfar a kowace mahaɗa, a tsaya a duba da natsuwa. Inda kumfa ta riƙa hura ƙwai, nan ne yoyo. Gwada yoyo da ashana ganganci ne da ya raba mutane da yawa da fuskokinsu.

Iska

Yanzu mun iso ga zuciyar darasin, ina roƙon ku tara hankalinku. Wuta ba gas kaɗai take ci ba. Kowane kilo na gas, kafin ya ƙone sarai, yana bukatar kimanin mita 12 na iska, wato mita mai tsawo da faɗi da tsayi. Tukunya mai kilo 15 ke nan tana bukatar mita 180, alhali ɗakin nan da muka yi misali da shi, ko babu kome a ciki, mita 72 yake ɗauka. Kuma irin wannan murhu ba shi da bututun hayaƙi: duk abin da ya ƙona a cikin ɗakin yake zubar da shi. Kilo guda na gas yana haifar da kamar kilo 3 na iskar kabon dayoksaid, da ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a siffar tururi, har tukunyar nan guda takan zuba wa ɗaki fiye da lita 20. Saboda haka in kun shiga da asuba kuka tarar kwanon rufi yana zufa yana ɗiga, a gari irin Sabha da shekara kan wuce ba a ga ruwan kirki ba, ku sani ɗakin ya toshe. Shimfiɗa za ta jiƙe, warin da ke sa ido hawaye zai tashi daga kashin kaji, ciwon numfashi ya biyo baya, a yi ta sayen magani alhali cutar tana ga taga.

Wannan duka asarar dukiya ce. Abin da ya fi ta shi ne, idan oksijin ɗin ɗaki ya fara raguwa, tun bai ragu da yawa ba, ko ƙura ta toshe hanyar da murhu ke shaƙar iska, sai ƙonewar ta zama naƙasasshiya, ta fara fitar da kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta yi wa ido yaji. Sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, saboda haka kaɗan daga cikinta ya isa ta mamaye jini sannu a hankali, mutum yana numfashi amma jikinsa yana shaƙewa. Farkonta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, abubuwan da kowa zai ce zazzaɓi ne ko mura ko gajiyar aiki; ƙarshenta barci ne mai nauyi. Wanda ta sama a farke yakan ruɗe har ya kasa gane hanyar ƙofa, wanda ta sama yana barci kuwa ba ya farkawa ya yi ko ruɗewar. Alamar da ba ta ƙarya ita ce mutum biyu ko uku su kamu da ciwon kai a ɗaki guda lokaci guda, su ji sauƙi da sun fita waje.

Wani masani ɗan ƙasar Sikotlan, John Scott Haldane, wanda ya binciki gawawwakin masu haƙar kwal bayan fashewar ramuka a shekarun 1890, ya gano cewa wannan iska ce ke kashe mafi yawansu, ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙaramar dabba, domin ita take fara jigata kafin mutum. Daga nan aka riƙa shiga da tsuntsun kanari, ba a daina ba a Birtaniya sai 1986. Ku da ke kiwon 'yan tsaki kuna da dubban irin wannan mai gargaɗi a gabanku. In sun bazu ko'ina suna ci suna sha, lafiya lau. In sun cunkushe ƙarƙashin murhu suna kuka, sanyi ne. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun taru ɓangare guda, iska mai sanyi na bugunsu ta wata kafa. Amma in kun gan su shiru, sun yi laƙwas suna gyangyaɗi, ga ma'auni daidai, ga abinci ba su kula ba, to ku buɗe ƙofa tukuna kafin ku yi tunanin wata cuta.

Kuskuren da ya fi yawa daga kyakkyawar niyya yake fitowa. Ma'aikaci ya ji sanyin Layali ya shiga ƙashinsa, ya tausaya wa 'yan tsaki, ya kuma ji tsoron faɗan mai gona a kan tsadar gas, sai ya bi kowace kafa da tsumma da leda ya toshe, ya saki tamfol har ƙasa. Sa'an nan, da yake ɗakinsa na kwana ba shi da ɗumi, ya ɗauko bargonsa ya shigo, wataƙila ma ya ɗora shayi a kan ƙaramin murhu a gefe. Ina faɗa muku da babbar murya, domin rayukanku sun fi kajin duniya duka daraja: kada ku toshe ɗakin da wuta ke ci a ciki, kada kuma ku kwana a cikinsa. Yadda za a yi shi ne a bar kafofi a can saman bango, a ɓangarori biyu, a buɗe dare da rana, domin iska mai sanyi ta shigo ta sama ta gauraya da mai ɗumi kafin ta sauko. A kewaye 'yan tsaki da shingen kwali mai tsayin kamar rabin mita don kada iska ta buge su. A saki labule daga ƙasa, a bar tazarar a sama. Gas ɗin da zai ƙaru saboda haka kuɗin iska ne, kuma ya fi kuɗin magani sauƙi.

A manyan ɗakunan da fanka ke jawo musu iska, ga illar da na yi muku alkawarin ambata. Idan lantarki ya ɗauke cikin dare, fanka ta tsaya, murhu mai laima bai san an yi ba, yana nan yana ci a ɗakin da ba shi da sauran hanyar numfashi. Wajibi ne a irin wannan gona a sami ƙararrawa mai batir da za ta ta da mai gadi, shi kuma ya san aikinsa na farko shi ne buɗe tagogi, na biyu ta da janareta. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid; a rataya ta daidai tsayin kan mutum, gama wannan iska nauyinta kusan ɗaya da na iskar ɗaki, ita kuwa na'urar jin yoyon gas kusa da ƙasa ake sa ta.

Kunnawa, da tsaron dare

A buɗe tukunya a hankali, a kusantar da wutar kunnawa ga bakin murhu tukuna, sa'an nan a danna maɓallin, a riƙe shi kamar daƙiƙa 20 zuwa 30. Dalilin riƙewar shi ne akwai wani tsinken ƙarfe da ke cikin harshen wuta, wanda in ya yi zafi yake riƙe hanyar gas a buɗe, in wuta ta mutu ya huce sai ya rufe ta. Wannan tsinken tsaro shi ne ke tsakaninku da ɗaki cike da gas. In ya lalace, murhu ya riƙa mutuwa da an saki maɓalli, a sake sabo; wanda ya ɗaure maɓallin da waya don ya huta ya cire wa murhu hankalinsa. In wuta ta ƙi kamawa, a rufe, a jira minti 5 iska ta kwashe abin da ya fita. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, farantin kuma ya yi ja bai ɗaya. Harshe mai ruwan ɗorawa da ke lilo, da kunkunniya a cikin laima, shaidar guba ce, a kashe nan take. Wajen kashewa a fara rufe tukunya, a bar abin da ke cikin tiyo ya ƙone.

Ku iya lissafin abin da murhunku ke sha, don kada tukunya ta ƙare muku da ƙarfe 3 na dare. Murhu mai ƙarfin kilowat 3, in an buɗe shi duka, yana shan kamar giram 230 a sa'a, tukunya mai kilo 15 ke nan ba za ta cika masa kwana 3 ba. Sauya tukunya da rana ya fi, a waje, ba taba a baki, a duba zoben robar da ke bakinta, a maimaita gwajin sabulu.

Akwai wata fitina ta musamman ga darare masu sanyi. Butan ba ya zama iska in sanyi ya kai wajen sifiri, kuma tukunyar da ake ja da ƙarfi tana ƙara sanyaya kanta, har ku ga raɓa ko farin ƙanƙara a jikinta, wuta ta yi ƙasa ga kuwa gas a ciki. A nan ne shaiɗan ke raya wa mutum ya hura wuta a gindinta, ko ya jingina ta da murhu, ko ya kwantar da ita. Mai gasa tukunya yana ƙara mata matsin da ba ya iya aunawa, mai kwantar da ita kuma yana tura ruwan gas cikin regileta da tiyo, ya fito bakin murhu ya zama harshen wuta mai tsayin mutum. Maganin shi ne gwani ya haɗa tukwane biyu ko uku a layi guda don su raba nauyin, a kuma kare su daga bugun iska ba tare da an rufe su ruf ba.

Sunna ta hore mu da kada mu bar wuta a gida mu yi barci, kuma asalin horon gida ne da ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Wutar 'yan tsaki kuwa ba a iya kashe ta da dare, don a lokacin aka fi bukatarta. Abin da ya rage na bin wannan horo shi ne kada ta kwana ba mai tsaro. A raba dare tsakanin mutum biyu, mai tsaro ya leƙa kowace sa'a biyu, ya dubi wuta, ya dubi tsaki, ya rubuta lokaci da abin da ma'auni ya nuna, ya koma ɗakinsa.

Gyara da kulawa

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar murhu, ɗakin kaji kuwa gidanta ne, ga garin abinci, ga dusa, ga gashi, ga kuma iskar Gibli da ke tasowa daga kudu ta cusa rairayi ko'ina. Kowace safiya a kakkaɓe saman laima bayan ta huce, kowane mako a cire matatar iska a wanke ta a shanya ta bushe sarai, in an yi Gibli kuwa kada a jira mako. Bayan an kwashe kaji, a sauke murhu a hure shi da iskar famfo, kada ruwa ya taɓa farantin tangaran, kada kuma a soka allura cikin 'yar hudar da gas ke fitowa, domin ƙanƙantarta aunanniya ce, in ta faɗaɗa gas zai rinjayi iska har abada. A ajiye shi cikin leda a ɗaure, saboda gizo-gizo da zanzaro suna son gina gida a bututunsa. Tiyo kada ya wuce shekara 5 daga ranar da ke jikinsa, a ranar Fazzan ma da wuya ya kai; a lanƙwasa shi a duba, in ya nuna tsaga ko ya ƙandare a yar. Sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo, wajen Oktoba, a kira gwani ya duba kome.

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya, mazhabar da muke tarayya da mutanen ƙasar nan a cikinta, sun ɗauki ɗan ƙodago a matsayin amintacce, ba ya biyan abin da ya halaka a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Toshe kafar iska da ɗaure maɓalli sakaci ne; amma ba da ruɓaɓɓen tiyo, da hana ma'aikaci ɗakin kwana mai ɗumi har sanyi ya kore shi zuwa cikin kaji, wannan yana wuyan mai gona. In kun ga aibi ku faɗa masa da ladabi, a gaban shaida, ku rubuta ranar a littafinku, kada kunya ko tsoron rasa aiki ya sa ku kunna abin da kuka san ba shi da lafiya.

Idan abu ya auku

In kun ji warin gas, ku rufe tukunya, ku buɗe ƙofofi da labule har ƙasa, kada ku taɓa makunnin lantarki ko don kashewa, kada ku ta da janareta, waya ma sai kun yi nisa. In wuta ta kama tiyo kuma hannu na iya kai wa tukunya lafiya, rufe ta ya fi kome, gama kashe harshen wuta a bar gas yana fita ya fi haɗari. Tukunyar kashe gobara mai gari da bokitin rairayi su kasance a bakin ƙofa. Amma in wuta ta kai ga tukwanen gas ɗin kansu, kowa ya gudu nesa, a kira 'yan kwana-kwana na Hukumar Salama ta Ƙasa, kada a koma don kaji.

Wanda aka tarar a sume, a buɗe ƙofa a bar ta a buɗe, mai shiga ya riƙe numfashinsa, wani ya tsaya masa a waje, a jawo shi fili a kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa madara ko mai. A kai shi Babban Asibitin Sabha ko mafi kusa, ko da ya farfaɗo ya ce ya warke, domin a iskar fili sai an yi sa'a 4 zuwa 6 kafin rabin gubar ya bar jini, da oksijin na asibiti kuwa sa'a ɗaya da 'yan mintoci, kuma illarta ga ƙwaƙwalwa takan bayyana bayan kwanaki. A faɗa wa likita a fili cewa a ɗakin murhu aka same shi, kada tsoron tambayar takardu ya sa a ɓoye ɗan uwa a ɗaki. Ƙuna kuma a zuba mata ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, ban da man goge haƙori, ban da ɗanyen ƙwai, ban da baƙin mai.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya auna tsawo da faɗi da tsayin ɗakin kajin da yake aiki, ya fitar da yawan iskar da ke ciki, ya ƙirga kafofin da ke kwana a buɗe. Ya kwafo abin da ke rubuce a allon murhunsu da shekarar da ke jikin tiyo, ya kawo mako mai zuwa. Sa'an nan ya lissafa: in murhu 4 ne, kowanne yana shan giram 230 a sa'a, tukwane nawa masu kilo 15 za a tanada don makon farko? Malami ya zo da tukunya da regileta da tiyo da ruwan sabulu, a fita tsakar fili, kowa ya gwada neman yoyo da hannunsa.